Daji, Barewa Da Maharbi: Wa Ke Gaba?

Kowace shekara in kaka ta yi a ƙasar Amurka, ganyen itatuwa ya fara zuba, miliyoyin mutane su kan saɓa bindigogi, waɗansu kuwa kwari da baka, su nufi daji farautar barewa. Amma kafin wannan rana ta zo akwai zaman da a kan yi a kowace jiha, inda hukumar kula da namun daji ke yanke yawan dabbobin da za a harba a shekarar, da irin waɗanda za a harba, maza ko mata, da ranar buɗe daji da ranar rufe shi. A wurin wannan zama ne gardama ke tashi, gardamar da ta yi kusan shekara 100 ba ta mutu ba. Maharbi yana so ya ga barewa birjik, manomi yana so su ragu, mai gandun itace yana kukan an cinye masa tsiro, likitan dabbobi kuwa tsoron annoba ya ke yi. Kowa da tasa gaskiyar, amma ba dama a gamsar da su duka. To, wa ya kamata hukuma ta sa gaba? Mu dai a namu ganin daji ne gaba, sa'an nan lafiyar garke, sa'an nan maƙwabtan daji, jin daɗin maharbi kuwa ya biyo baya. Ga dalilanmu.

Bari mu fara da sanin dabbobin da a ke magana a kansu. Akwai barewa mai farar wutsiya, wadda ta cika gabas da tsakiyar ƙasar. Akwai barewa mai kunnen alfadari, wadda ke zaune a duwatsu da filayen yamma. Sa'an nan akwai babbansu, wanda Amurkawa ke kira elki, mu kuwa za mu ce da shi gwankin Amurka, don girmansa ya yi kusa da na gwankinmu, har ya kan ɗara shi. Bambancinsu da namu shi ne ƙahonsu rassa gare shi kamar itace, maza ne ke da shi, kuma ya kan faɗi kowace shekara wani ya tsiro.

Na wane ne waɗannan dabbobi? A Ingila ta zamanin dā naman daji na sarki ne da manyan masu ƙasa, talaka in ya harba ya zama ɓarawo. Amurkawa suka ƙi bin wannan al'ada. A wurinsu dabbar daji ta jama'a ce baki ɗaya, jiha kuwa amana aka ba ta. Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ƙarfafa wannan a 1896, kuma ko da ya ke ta sake wani sashe na hukuncin a 1979, har yau jihohi ne ke riƙe da ragamar farautar barewa da gwanki. Ko a cikin gonarka barewa ta kwana, ba ka da ikon harbinta sai bisa ga dokar jiha. Mai riƙon amana kuwa kowa ya san sharaɗinsa: haƙƙin magada duka ya ke tsarewa, da wanda ya zo wurin zama yana ta da jijiyar wuya, da wanda bai zo ba, har da wanda ba a haifa ba tukuna.

An yi zamanin da wannan amana ta kusa tozarta. A ƙarni na 19 maharban kasuwa su kan karkashe namun daji ba ƙaƙƙautawa, su loda nama da fata a jirgin ƙasa zuwa birane, a lokacin kuma a na ta sare kurmi don noma. Wajen 1900 barewa mai farar wutsiya ba ta wuce 500,000 ba a ƙasar duka, gwanki kuwa, wanda a ke ƙiyasin ya kai miliyan 10 kafin zuwan Turawa, ya koma ƙasa da 100,000, ya ɓace sarai daga jihohin gabas. A jihar Misuri barewa kimanin 400 aka ƙiyasta sun rage a 1925. Ganin haka jihohi suka hana sayar da naman daji, suka sa lokacin farauta, suka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai harba. A 1900 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar Lacey, wadda ta haramta ƙetare iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa doka ba.

Doka ba kuɗi dai magana ce kurum, sabo da haka a 1937 aka kafa dokar da a ke kira da sunan 'yan majalisa biyu, Pittman da Robertson. A yau harajinta kashi 11 ne cikin 100 a kan doguwar bindiga da harsashi da kayan baka, kashi 10 a kan ƙaramar bindiga. A kan raba kuɗin ga jihohi gwargwadon faɗin ƙasarsu da yawan masu lasin farauta, kuma a kowane aiki Tarayya ta biya kashi uku cikin huɗu, jiha ta cika ɗaya. A 2022 abin da aka raba ya haura dala biliyan ɗaya. Amma abin da mu ke so akawu ya lura da shi wani sharaɗi ne da aka sa tun farko: jihar da ke son wannan kuɗi sai ta kafa doka cewa kuɗin lasin farauta ba za a karkatar da shi ga wani aiki ba, ko na hanya ko na asibiti, sai ga hukumar namun daji kaɗai. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin baitulmali ya san yadda kuɗin wani fanni ke sulalewa zuwa wani in shekara ta yi tsanani. Wannan katanga ita ta ba hukumomin damar ɗaukar masana aiki, da sayen daji, da tsara aikin shekara goma ba tare da fargaba ba.

Sakamakon kuwa ba ya ɓoyuwa. Barewa mai farar wutsiya ta kai wajen miliyan 30 a yanzu, gwanki wajen miliyan ɗaya. An ɗebo gwanki daga gandun Yaloston aka zuba a Fensilbaniya tun 1913. Jihar Kentaki ta kawo kimanin 1,500 daga yamma tsakanin 1997 da 2002, ta sake su a tsofaffin wuraren haƙar kwal, yau sun haura 10,000. Daga Kentakin kuma Misuri ta samo nata a 2011, ta buɗe farautarsu a 2020 da lasin biyar tak. Wannan aiki ne na a yaba, kuma maharba ne suka biya babban kasonsa. Wanda ya musa haka bai yi adalci ba.

Sai dai Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Hukumar da albashin ma'aikatanta ke fitowa daga sayar da lasin, da wuya ta faɗa wa mai sayen lasin abin da ba ya so ya ji. A jihohin yamma abin ya fi fitowa fili, don baƙon da ya zo daga wata jiha farautar gwanki ya kan biya ninki goma ko fiye na abin da ɗan gida ke biya, kuma a 1978 Kotun Ƙoli ta ce jihar Montana tana da ikon yin haka. Ta haka kuɗin baƙi ya zama babban jigo a kasafin hukumomi irin na Kolorado, jihar da ta fi kowace yawan gwanki. Ɗan gida yana kukan baƙi sun cika daji, hukuma kuwa in ta rage baƙi aljihunta ne zai yi kuka. A irin wannan hali a kan wayi gari a na auna nasarar hukuma da yawan lasin da ta sayar da yawan ƙahon da aka rataye a bango, a mance da halin da daji ke ciki.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Dokokin farko an yi su ne don yunwar dabbobi, watau ƙarancinsu, shi ya sa aka koya wa maharba cewa harbin mace abin kunya ne. A wancan lokaci daidai ne. Amma lissafin haihuwa ba ya jin kunya. Namiji ɗaya ya ishi mata da yawa, mace mai ƙoshi kuwa tagwaye ta kan haifa, don haka kome yawan mazan da aka harba, garke ba ya raguwa muddin mata na nan. A wani shingen gwaji a jihar Mishigan an saki barewa shida a 1928, maza biyu mata huɗu; da aka ƙirga bayan shekara shida, sai ga wajen 160. Malamin lissafi na iya ba 'yan aji wannan su gwada da kansu.

Abin da ke biyo bayan irin wannan yaɗuwa an gan shi a tudun Kaibab na jihar Arizona. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya mai da wurin gandun da ba a farauta, ma'aikata kuma suka bi kyarkeci da damisar dutse suka karkashe, wai don tausayin barewa. Barewa kimanin 4,000 suka yaɗu har suka kai dubbai barkatai. Masana sun yi saɓani a kan iyakar adadin, waɗansu suka ce 100,000, waɗansu suka ce bai kai rabin haka ba, amma ba su yi saɓani a kan ƙarshen labarin ba: dabbobin suka cinye kowane tsiro da bakinsu ya kai, daga hunturun 1924 kuma suka shiga mutuwa da yunwa dubu-dubu, dajin kansa ya daɗe bai farfaɗo ba. Tausayin da aka yi musu shi ya jawo musu mutuwar da ta fi ta harsashi zafi.

Aldo Leopold, malamin jami'ar Wiskonsin wanda ya rubuta littafin farko na koyar da wannan fanni a 1933, ya yi ƙoƙarin hana jiharsa faɗawa wannan rami. A 1943 aka yarda a harbi mata, aka kashe barewa fiye da 120,000 a kaka ɗaya. Maharba suka yi ca a kansa, jaridun karkara suka zage shi, har ya rasu a 1948 waɗansu ba su yafe masa ba. Bayan shekara 50 aka sake yin irin wannan a Fensilbaniya. Gary Alt, masanin da aka ɗora a kan sha'anin barewa a 1999, ya zaga jihar yana nuna wa jama'a kurmin da ba sauran ƙananan itatuwa a ƙarƙashinsa, ya ƙara lasin mata, ya hana harbin samarin maza. Matsin da ya sha ya kai shi ga ajiye aiki a 2004. A Wiskonsin kuma an yi wata ƙa'ida mai cewa sai maharbi ya fara harbin mace kafin a yarje masa namiji. Ƙa'idar ta rage garke kamar yadda a ke so, amma maharba suka ƙi ta, Majalisar Dokokin jihar ta soke ta a 2011. Sau uku ke nan masani ya yi ƙidaya ya faɗi abin da ya gani, aka fi shi murya.

Wa ke biyan kuɗin wannan sassauci? Mutanen da galibinsu ba su taɓa riƙe bindiga ba. Motoci fiye da miliyan ɗaya ke karo da barewa kowace shekara a Amurka, rayukan mutane fiye da 100 na salwanta. Manomin masara da na waken suya da mai lambun itatuwa su kan tashi su ga an yi musu kiwo da dare. A yamma garken gwanki ya kan sauko cikin hunturu ya farfasa shinge ya cinye harawar da makiyayi ya tara wa shanunsa. Kurmi kuma in aka hana ƙananan itatuwa tashi shekara 20 a jere, to ranar da manyan suka faɗi ba magaji, tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa-ƙasa ma sun riga sun ƙaura.

Yanzu ga annoba ta shigo cikin lissafin. A 1967 aka fara lura da wata cuta a cikin barewar da a ke tsare da su don bincike a Kolorado, cutar ramewa, dangin ciwon haukan shanu da ya addabi Ingila. Wani sinadari ne na jiki ke lalacewa ya bi ƙwaƙwalwa yana ɓata ta. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi, dabbar da ta kamu ba ta tashi. Tana yaɗuwa ta miyau da fitsari da kashi, kuma ta kan zauna a ƙasa shekaru. Ta ɓulla a Wiskonsin a 2002, yau an same ta a jihohi fiye da 30, har ta kai Norwe a 2016, inda hukuma ta kashe garke guda na dabbobi wajen 2,000 don ta tare ta. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun gargaɗi jama'a kada su ci naman dabbar da gwaji ya nuna tana da ita. Cunkoso shi ne abokin wannan cuta, ga shi kuwa jihar Wayomin ta daɗe tana tara dubban gwanki a wurare wajen 20 tana zuba musu harawa cikin hunturu, bayan babban gandun Tarayya da aka kafa a 1912. An yi haka ne don a tsare harawar makiyaya, a kuma riƙe garke mai yawa. Tuni cutar ɓari da ke kama shanu ta sami gindin zama a cikin gwankin wuraren, a hunturun 2024 zuwa 2025 kuma aka tabbatar cutar ramewa ta shiga waɗansu daga cikinsu. Masana sun daɗe suna faɗin haka za a yi.

Kada mai karatu ya zaci cewa mu ke yi a kashe dai, a kashe. Barewa mai kunnen alfadari raguwa ta ke yi a wurare da dama, don gidaje da hanyoyi da rijiyoyin iskar gas sun ci wuraren da ta ke fakewa cikin hunturu. A Wayomin an gano garken da ke tafiyar mil 150 tsakanin mazauninsa na sanyi da makiyayarsa ta duwatsu, shinge ɗaya a mugun wuri na iya datse masa hanya. Hunturun 2022 zuwa 2023 ya hallaka su da yawa, jihar ta rage lasin, aka kuma giggina gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa don dabbobi su ƙetare manyan tituna. Ƙa'idar dai ɗaya ce: a duba abin da daji zai iya ɗauka. In garke ya fi ƙarfin daji a rage shi ko maharbi ya ƙi. In ya gaza a ɗaga masa ƙafa ko baitulmali ya yi rashi.

Maharba ma suna da hujja, wajibi ne a saurare ta. Suna cewa ƙidayar hukuma ƙiyasi ce, kuma mutumin da ya kwana uku a daji cikin sanyi bai ga ko wutsiya ba, da wuya ya yarda dabbobi sun yi yawa. Sau da yawa gaskiya ya faɗa, don dabbobin sun tattara a gonakin masu ƙasa da bayan gari inda ba a barinsa ya shiga. Suna kuma nuna arewacin Yaloston, inda garken gwanki ya sauko daga wajen 19,000 zuwa ƙasa da 5,000 cikin shekara 20 bayan an maido da kyarkeci a 1995, ko da ya ke fari da sauran namun dawa da farautar kanta suna da hannu a ciki. Bugu da ƙari hukuma ba ta da wani hannu na rage garke da ya kai maharbi, ga shi kuwa sun kai wajen miliyan 17 a 1982, ƙidayar 2016 ta sami miliyan 11 da rabi. Ƙidayar 2022 ta ba da fiye da miliyan 14, amma da wata hanyar ƙirga dabam aka yi ta. Hukumar da ta ɓata da su ta karya fartanyarta da kanta. Sabo da haka haƙƙinsu ne a baje musu lissafi a fili, a nemo musu hanyar shiga gonakin da dabbobi suka taru, a sauƙaƙa musu gwajin nama. Abin da ba haƙƙinsu ba ne shi ne a sake adadin don an yi ihu a wurin taro.

Maganin ladan kuturu kuwa shi ne a yawaita masu biya. Mutanen Misuri sun jefa ƙuri'a a 1976 suka ɗora wa kansu ɗan haraji, kashi ɗaya cikin 800 na kuɗin abin da aka saya, aka keɓe shi ga hukumar daji, jihar Akansas ma ta bi sahu a 1996. Ta haka mai kallon tsuntsaye da manomi da direba duk suka zama masu biya, suka kuma sami bakin magana. Muna ganin sauran jihohi za su amfana in sun yi koyi, balle da ya ke babban kaso na harajin bindiga a yau daga mutanen da ba sa farauta ya ke fitowa.

Mu a nan matsalarmu irin ta Amurka ce ta 1900, watau ƙarewar namun daji. Doka kam akwai, tun dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963. Gandun Yankari an keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya koma hannun Tarayya a 1991, aka mayar wa jihar Bauchi a 2006, watau mu ma amanar ta kan faɗo a wuyan jiha. Abu biyu suka ta da barewar Amurka daga bakin kabari, ba kuwa wanda ya fi ƙarfinmu: ƙidaya ta gaskiya kowace shekara, da kuɗin da aka katange ba mai taɓa shi. Na farko a aji a ke fara koyonsa, na biyu a littafin akawu a ke tsare shi. Sa'an nan in ranar yalwa ta zo, sai a tuna da Kaibab, a san cewa hukumar da ta iya cewa "kada a harba" dole ta iya cewa "a harba" a lokacin da daji ya nuna ya gaji.